Rigar Kawu a Gidan Silima

Tsofaffin gidajen silima na Kano yawancinsu ba su san rufi ba. Doguwar katanga ce, da farin bango a gaba, da bencina na masu ƙaramin ƙarfi, sai kujeru a baya na masu nauyin aljihu. Kwarori 'yan Lebanon ne suka fara harkar. Rex ta buɗe a 1937, daga baya su Palace da Plaza da Orion da Eldorado suka biyo sahu. Su ne kuma suka riƙa shigo da finafinan Indiya tun shekarun 1950, har Kanawa suka mai da 'yan wasan 'yan gida: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. A wancan zamani mai silima shi ke zaɓen abin da zai haska, in ya ga kasuwa ta yi sanyi sai ya gayyato makaɗa, a yi kiɗa a yi kallo da tikiti ɗaya.

Dattawa dai ba su taɓa sa wa wurin albarka ba. Gobarar El Duniya ta 1951, wadda ta ci mutum 331, har gobe wasu ishara suke kiranta. Kawuna, ɗan kasuwar Kwari, yana sahun gaba cikin masu wannan ra'ayi. Ko fastar fim ya gani a bango sai ya yi a'uziyya.

To, rigarsa na ara. Aron da mai riga bai san an yi ba.

A ƙarshen shekarun 1990 ne, da damina, wata silima ta unguwa ta sa Sholay, tsohon fim na 1975 da ba ya tsufa, ta ce kuma akwai kalangu. Na ga dare irin wannan ya fi ƙarfin 'yar shara. Rigar shuɗiyar shadda ce mai aikin aska takwas, wadda duk layin su Kawu an san ta, don ita yake sawa ran Juma'a. Na zuba ta, na sayi tikitin kujera, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Mai majigi ya fara da nasa. Faifan fim ɗin a rarrabe yake zuwa, shi kuwa ya rikita jerin. Amitabh Bachchan ya mutu, 'yan benci sun gama salati da share hawaye, can sai ga shi garau a kan babur yana waƙa. Wurin ya kaure da ihu. Mutanen da suka haddace fim ɗin tun daga fari har ƙarshe ba a yi musu haka. Ɓawon gyaɗa da guntun rake suka fara tashi sama, suna neman tagar mai majigi. Ana cikin haka NEPA ta ɗauke wuta, janareta ya yi tari biyu ya yi shiru.

Kalangu dai ba ya jiran lantarki. Aka kunna fitilar aci-balbal, makaɗa suka matsa hammata, 'yan amshi suka ɗauka. Sanƙira ya shiga tsakanin kujeru da tocila yana neman wanda zai wasa. Hasken ya wuce fuskata, ya sauka kan aska takwas, ya tsaya cak.

"Allahu akbar! Jama'a, yau babban baƙo gare mu! Alhaji na Kwari, mai shadda dila-dila!"

Ya kira sunan Kawu, da na mahaifinsa, da layin shagonsa. Muryar sanƙira kuwa ba ta bukatar lasifika. Na ja hula ta rufe gira, na ce a hankali, "Malam, ba shi ba ne." Ya juya ga jama'a ya ce, "Kun ji tawali'u irin na manya!" Kalangu ya matso har yana taɓa gwiwata.

Duk wanda aka wasa a bainar jama'a ya san sauran zancen. Na laluba aljihu. Wazobiya ɗaya gare ni, naira hamsin, wadda a lokacin babu takardar da ta fi ta, sai murtala biyu na acaɓa. Na liƙa wazobiyar a goshin makaɗi. Sanƙira ya ɗaga ta sama ya ce somin-taɓi ne. Murtalolin ma suka bi 'yar'uwarsu.

Ruwan sama ne ya cece ni, ko in ce ya ƙarasa ni. Ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kowa ya yi ta kansa. Na taka a ƙasa har gida, shadda ta sha ruwa da taɓo, sitacinta ya tsiyaye.

Washegari kafin azahar labari ya zaga Kwari. Masu yi wa Kawu barka da kyauta daban, masu ce masa "Alhaji, ashe ana taɓawa?" daban. Limamin masallacin layinsu ma ya ja shi gefe. Da magariba ya aiko a kira ni. Rigar na shanye a igiya a tsakaninmu, ya daɗe yana dubanta.

"Nawa ka ba su?"

"Naira casa'in, Kawu."

"Casa'in? Da sunana? Kai, ɗan nan, ka kashe ni! In za ka ja mini zagin zuwa silima, sai kuma ka haɗa mini da na rowa?"