Cinikin Biri a Sama

To, ku masu murmushin "mu za a gaya wa?", ku matso kusa. Tun ranar da na ce sayen fili yana kai mutum gidan kaso, ba ni da sakat a tashar Samaru Kataf. Wani dattijo har da tafa hannu: "Ɗana, fili ai ba akuya ba ne da za a ce an sato ta daga Zonkwa." Gaskiyarka, Baba. Akuya ma ta fi shi amana, don in ka biya sai ka ja abarka gida. Fili kuwa yana nan kwance. A sayar wa ma'aikacin Kaduna da hantsi, a sayar wa mai citta daga Kaciya da la'asar, dillali ya ci la'ada biyu ya kashe waya.

Ga wani can yana ɗaga min takarda. Mu gani. Af, fallen littafin makaranta ne, da dangwalen shaidu uku da hatimin mai unguwa! Yallaɓai, tun 1978 dokar amfani da ƙasa ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Izinin zama kawai ake ba ka, kuma mai shaidar gwamna ba ya miƙa wa wani sai gwamna ya amince. Rajistar filayen jihar nan tana hannun hukumar KADGIS, wadda aka yi dokarta a 2015. Ka leƙa can? A'a, kuɗin mota ya yi yawa. Madalla da tattali.

"Ai ɗan gidan ne ya sayar min." Wane ɗan? A nan gona ta gandu ce, kakanni suka bari. Kotunan Najeriya sun daɗe da yanke cewa in ɗan gida ya sayar da filin dangi ba da yardar mai gida ba, cinikin nan banza ne. Sai ka zuba yashi, ka kai bulo linta, Kirsimeti ta zo, 'yan'uwansa su sauka daga Abuja da Jos. Ka tashi da fushi ka tuge shingensu, ka sare musu ɗorawa. Shi ke nan, rigimar gado ta koma ƙarar kutse da ɓarna a ƙarƙashin dokar Final Kod ta Kaduna ta 2017. Jiya mai gida, yau ana neman mai tsaya maka beli.

Na hango mai wayon cikinku yana ƙyafta ido: "In ya rikice sai in tura wa wani in cire kuɗina." Sannu, gwani! Nan ne ka tashi daga wanda aka cuta ka koma macuci. Sayar da abin da ka san ba naka ba ne, karɓar kuɗi ne ta hanyar yaudara, kuma dokar tarayya ta 2006 ta yanka masa ɗaurin shekara 7 zuwa 20, babu zaɓin tara. EFCC tana da ofis a Kaduna, gidan yari kuma ga shi nan a Kafanchan, ba sai an wahalar da iyalinka da doguwar tafiya ba.

Kai kuma Alhaji mai jakar Gana-mas-go, da ba ka yarda da banki ba: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 hannu da hannu. Da mai bayarwa da mai karɓa duk kanwar ja ce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ban ce kada ku saya ba. Bakin titin Samaru abin so ne, ga makarantar aikin gona, ga hanyar Kafanchan da Manchok. Amma ku tambayi maƙwabtan iyaka, ku zauna da mai gida da magada, ku kira safiyo, ku bincika rajista, ku biya ta banki. Lauyan da ka ce ya yi tsada ranar ciniki, shi za ka yi wa "ranka ya daɗe" a ƙofar kotu.

Baba mai akuya, in duk da haka ba ka ji ba, ba komai. Ranar ziyara zan zo da ƙosai.