Ɗan Argungu a Tafkin Windamiya

Tun da muka tare a Manchesta nake shaida wa 'ya'yana cewa ubansu ɗan ruwa ne. Ba ƙarya ce zalla ba. A Argungu aka yanke mini cibiya, garin da tun 1934 ake bikin kamun kifi, inda dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada da koma a hannu, kowa ya kifa ciki bisa ƙaton gora yana yawo a kan ruwa kamar mai kwance a katifa. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne mahaifina tela ne, kuma daga tudu nake kallon bikin, da ƙullin ƙosai a hannu.

Don haka da babbar 'yata, mai shekara 11, ta zo da zancen wani abu wai shi fadil-bod, dogon allo da ake tsayawa a kai ana tuƙawa da filafili, sai na yi dariya irin ta manya. Na ce ai abin da Sarkawa ke yi a kwalekwale ke nan tun kaka da kakanni, Turawa sun cire masa gefe sun sa masa kuɗi. Ta ce a'a, daga Hawai ya fito: masu koyar da hawan igiyar ruwa a Waikiki ne ke tsayawa bisa allo da filafili, don su hango ɗalibansu, su kuma ɗauki hoton baƙi. Na ce to, su ma a wajenmu suka gani.

Wata Asabar cikin watan Mayu muka kama hanyar Windamiya, tafkin da ya fi kowane girma a Ingila, mai tsawon fiye da kilomita 16. Rana ta fito tas. Ranar Ingila kuwa mayaudariya ce, jiki take gasawa, ruwa ta bar shi da sanyin hunturu.

Malamar da za ta koya mana wata matashiyar Baturiya ce. Ta fito da allunan, ashe na roba ne, da famfon hannu ake hura su har allurar ma'auni ta kai 15. Na karɓi famfo don yara su ga ƙarfin uba. Allura na kan 7 na fara haki, Auta yana tsugune yana ƙirga mini da babbar murya.

Sannan ta jera mu ta fara bayani. Kowane yaro ta sa masa matsattsiyar rigar roba mai riƙe ɗumi, ta ɗora masa rigar hana nutsewa, ta ja maɗaurai, ta kama kafaɗun rigar ta ɗaga: in ta taso har kunne, ba ta ɗauru ba. Ta ɗaura musu igiyar allo a idon sawu. Ta ce wannan na ruwa mai kwanciya ne, a kogi mai gudu a ƙugu ake ɗaurawa, da maɓallin da ake fizgewa nan take, don igiya na iya sarƙewa da saiwa, ruwa ya danne mutum. Ta ce in iska na kaɗawa daga gaɓa zuwa tsakiyar ruwa a haƙura, domin jikin mai tsayuwa ne iskar ke turawa. A fara da durƙuso. In an faɗa kuwa, ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15 fizge numfashi yake yi, kada a yi kokawa da shi: a kwanta rigingine, kunne cikin ruwa, har numfashi ya dawo.

Duk abin da ta faɗa sai in maimaita da Hausa, in ƙara da zare ido. "Kun ji ko? Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Rigingine! Kunne cikin ruwa!"

Da aka zo kaina, na dubi rigar robar nan, na dubi tumbina, na ce na gode. Rigar hana nutsewa ba ta da makawa, na sa, amma da malama ta gama dubawa na saki maɗauran don in sha iska. Uwargida na zaune a kan benci da fulas ɗin shayi, ta ce, "Baban Auta, da hula za ka shiga?" Na ce wanda ba zai jiƙe ba, me zai kai shi cire hula? Igiyar ƙafa ce ta fi ƙona mini rai. Magidanci da gemu, a yi masa ɗaurin talala kamar akuya! Muna barin gaɓa, malama ta juya wajen Auta, na sa hannu na ɓalle ta.

Yara suka durƙusa bisa allunansu suna tafiya sumul kamar agwagi. Ni kuwa na miƙe tsaye kai tsaye. Ana koya wa ɗan kada iyo ne? Nan da nan gwiwoyina suka kama rawa kamar mazari. Na ƙura wa ƙafafuna ido, su ma kamar suna kallona.

"Baba, filafilin a juye yake," in ji 'yata. "Kuma ka daina kallon ƙafa, kalli dutsen can."

Na waiwaya zan tuna mata wanda ya haifi wani. Daidai lokacin 'yar igiyar ruwan da wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya taso daga nesa ta iso, wadda tsayinta bai kai taƙi ba. Tsundum!

Na buɗe baki zan yi salati, ruwa ya riga shi. Sanyin ya kama ƙirjina ya matse kamar an ɗaure buhu, numfashi ya ce ga garinku nan. Rigar da na sassauta ta hauro ta rufe mini kunnuwa, na koma kunkuru mai leƙe. Allon kuwa, da na tokare shi da ƙafa wajen faɗuwa, ya samu 'yanci, iska na kora shi a hankali. Ina ta dukan ruwa da hannu biyu sai na ji muryar Auta, ɗan shekara 7, har da irin amon faɗana:

"Baba, rigingine! Kunne cikin ruwa! Ka ji ko?"

Na ji. Na kwanta ina kallon sararin Allah, har numfashi ya dawo da kaɗan-kaɗan. 'Yata ta tuƙo a durƙushe, ta ce in riƙe gindin allonta, ta ja ni zuwa gaɓa kamar motar da ta mutu a hanya. Malama ta kamo nawa allon, ta ɗago igiyar da na ɓalle, ta dube ni. Ba ta ce uffan ba, na gwammace ta zage ni. Hulata ita kaɗai ce ta fitar da Argungu kunya: tana can bisa ruwa ko girgiza babu, sai da Auta ya tsamo ta da bakin filafili.

Ina lulluɓe da tawul, haƙora na haɗuwa, ina kurɓar shayi, sai na ga uwargida na danna waya tana murmushi. Ashe tun daga miƙewata take ɗauka, har ta tura zauren danginmu na WhatsApp. Kafin mu kai mota saƙon murya ya shigo daga kawuna a Argungu. Muna shiga mota yara suka ce a kunna da ƙarfi.

"Kai wanga yaro! Kai da ko bakin Matan Fada sai an riƙe ma hannu? Wa ya aike ka?"

Auta ya dube ni ta madubi. "Baba, me Kaka ya ce?"

Na ce gaishe su yake yi, na ƙara wa hitar mota wuta.