A Gaya Wa Taubashi Jirgin Ƙasan Ingila Ba Ya Jiran Alhaji

Zuwa ga Gwaggo, a Kubwa, Abuja.

Da fatan Gwaggo tana lafiya, ciwon gwiwa ya yi sauƙi, mutanen gida kuma kowa ƙalau. Ɗanta na Landan yana nan lafiya shi da iyali, sanyi ya fara ja da baya, jikoki suna gaishe ta.

Ƙara ya kawo wa Gwaggo, kuma wanda ake ƙara ɗanta ne na cikinta. Taubashi ya sanar cewa zai kawo uwargida da yara uku hutun watan Agusta, labarin da ya sa gidan nan murna ƙwarai. Ya ma aiko da tsarin tafiya ta WhatsApp: Landan, Manchesta, Edinbara, sannan Faris, duka cikin kwana goma, duka a jirgin ƙasa. Da aka tambaye shi batun tikiti, sai ya ce a bari su iso tukuna, ai shi tsohon hannu ne a harkar jirgi, kuma bai taɓa shiga tasha ya rasa wanda ya sani ba. Tun da ba ya jin maganar ɗan kawunsa, dole a biyo ta wajen wadda ba ya iya musa wa.

Gaskiya ɗaya ce, taubashi ya san jirgin gida. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a watan Yulin 2016, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, yake hawa daga tashar Kubwa duk lokacin da za shi gaida surukai. Ya ga zamanin cunkoso a bakin taga da 'yan cuwa-cuwar tikiti. Ya ga shigowar sayen tikiti ta intanet a Janairun 2021. Ya ga watannin baƙin ciki bayan harin 28 ga Maris 2022, da aka kashe fasinjoji aka yi daji da wasu, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Jirgi ya tsaya har 5 ga Disamba, ya dawo da sharaɗin lambar NIN. Abin da shekarun nan suka koya masa shi ne: tikiti ba ya fitowa sai tafiya ta matso, farashi tsayayye ne, mai saurin yatsa ke samun kujera, wanda ya makara kuma ya buga waya.

To, a nan Ingila abin a juye yake. Tikitin jirgin dogon zango tamkar ragon layya ne: wanda ya saya tun da wuri ya samu da rahusa, wanda ya bari sai jajiberi ya biya ninki yana zufa. Mafi arha shi ne wanda suke kira Advance, kuma yawanci ana fara sakinsa ne kamar mako goma sha biyu kafin ranar tafiya. Ke nan tikitin Agusta a watan Mayu ake farautarsa, mutum yana zaune a falonsa a Kubwa. Sai dai arharsa da igiya a wuya. An ɗaure shi da jirgi guda, na ƙarfe kaza da minti kaza. Wanda ya tsaya ƙarasa hira ya rasa shi, tikitin ya mutu, sai sabon kuɗi. Akwai na biyu, Off-Peak, da ke barin mutum ya hau kowane jirgi muddin ba lokacin rububin ma'aikata ba ne safe da yamma. Na uku, Anytime, ya halatta kowane lokaci, amma kuɗinsa zuwa Manchesta na iya cinye abin da aka ware wa tsaraba gaba ɗaya.

Kuma a gaya masa da babbar murya: babu wanda zai kira. Mai duba tikiti a nan bai san Alhaji ba, bai san darakta ba, babbar riga mai aska tara ma kallo ɗaya zai yi mata ya miƙo na'urarsa. Wanda aka samu ba tare da sahihin tikiti ba a layukan da ke cin tara, fam 100 ne tun daga Janairun 2023, ban da kuɗin tafiyar, ko da yake ana rage shi zuwa 50 in an biya cikin kwana 21. Taubashi ya lissafa wannan da naira, sannan ya ninka da yawan iyalinsa. Ƙofofi kuwa rufe su ake yi kafin lokacin tashi ya cika, don haka mai sallamar da ke farawa daga falo ta ƙare a bakin titi ya rage ta tun daga gida.

Akwai daɗi a tsarin, ba tsanani kaɗai ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta yake hawa, daga biyar zuwa goma sha biyar rabin kuɗi. Sannan akwai katin rangwame na iyali, Family & Friends Railcard, fam 35 a shekara, wanda baƙo ma yana iya saya: manya har huɗu a rage musu kashi ɗaya cikin uku, yara har huɗu a rage musu kashi 60 cikin ɗari, muddin akwai yaro a tafiyar. Tafiya guda zuwa Edinbara ta isa ta maido da kuɗin katin. Wannan ne karon farko da surutun Auta zai jawo wa ubansa riba. In kuma jirgi ya yi latti, akwai diyya: kamfanoni da dama suna fara maido da wani kaso daga jinkirin minti 15, wasu daga minti 30. Ɗan Gwaggo na Landan duk lokacin da ya cike wannan takarda yakan tuna fasinjojin gida, yana fatan ranar da su ma za a ɗauki lokacinsu da wannan daraja.

Sai batun tasha, inda baƙi suka fi ɓata. Mutumin Abuja ya saba in an ce tashar jirgi, Idu ake nufi ko Kubwa. Landan tana da manyan tashoshi fiye da goma, kowace da nahiyar da take kallo. Taubashi yana son kai yara Old Trafford su ga filin ƙungiyar da ke hana shi barci duk ƙarshen mako; wannan daga Euston ake tashi, awa biyu da 'yan mintuna. Edinbara kuwa daga King's Cross, kilomita sama da 630, nisan da ya wuce na Abuja zuwa Kano nesa ba kusa ba, amma cikin awa huɗu da rabi an isa. Wanda zai zaɓi kujera ya zaɓi ta hannun dama in ana tafiya arewa, don ta nan za a ga babbar majami'ar Durham bisa tudu, bayan Newcastle kuma teku ya bayyana har Berwick. Amma Agusta watan bikin wasanni ne a Edinbara, gari cike yake maƙil, masauki ya yi tsada, saboda haka ɗakin kwana ma yanzu ake kama shi. A guji ranar Lahadi in da hali, domin ranar suka fi gyaran layi, sai a sauke fasinja a zuba shi a bas. Mutum ya baro Zuba don ya huta da mota, bai kamata ya zo Turai ya sake shigarta ba. A kuma kasa kunne ga sanarwa, saboda wasu jirage rabuwa biyu suke yi a hanya, taragon gaba ya nufi wani gari, na baya wani. Uwargida tana gaba, Alhaji yana baya yana waya, sai a kwana a garuruwa daban.

Maganar waya ta tuno da wani abu. Akwai tarago na masu son shiru. Gwaggo ta san muryar ɗanta in yana gaisawa da mutanen Kaduna. A taimaka kada a kama masa kujera a can.

Yanzu ga babbar magana, Faris, wadda uwargida ta ce in babu ita babu tafiya. Jirgin Eurostar yana tashi daga St Pancras, maƙwabciyar King's Cross, ya nutse ƙarƙashin teku ta ramin da aka buɗe a 1994, mai tsawon kilomita 50, ya ɓullo a Faransa, ya tsaya a Gare du Nord bayan kamar awa biyu da minti ashirin. Yara za su so shi, ko da yake a faɗa musu tun yanzu ba za su ga kifi ta taga ba, duhu ne kawai na kusan minti ashirin. Abin da taubashi bai sa a lissafi ba shi ne bizar Birtaniya ba ta shigar da ɗan Nijeriya Faransa. Sai da bizar Shengen, kuɗinta yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, kuma daga ƙasar da mutum yake zaune ake nemanta, wato daga Nijeriya, ba bayan an iso Landan ba. Jami'an Faransa a cikin St Pancras ɗin suke zaune, suna duba fasfo kafin a hau, ƙofar shiga kuma ana rufe ta rabin awa kafin tashi. Wanda ba shi da biza ko ƙamshin taragon ba zai ji ba. Ana iya shigar da takardu tun wata shida kafin tafiya, lokacin bazarar Turai kuma samun ranar ganawa wuya yake yi. Don haka tsarin shi ne biza tukuna, ko aƙalla ranar ganawa a hannu, sannan tikiti. Sauƙin da ke akwai shi ne Eurostar yana barin a sauya rana, a biya bambancin farashi.

A kula da agogo. A watan Agusta lokacin Landan daidai yake da na Abuja, ba sai an taɓa komai ba, amma Faris tana gaba da awa ɗaya, kuma lokacin da ke kan tikitin dawowa na can ne. Rana tana daɗewa ba ta faɗi ba, magariba takan wuce ƙarfe takwas, don haka a tsara salloli da rangwamen da shari'a ta yi wa matafiyi, a yi alwala tun daga masauki.

Wani abokin aikin taubashi ya ba shi shawarar katin Eurail, wanda ake sayar wa waɗanda ba mazauna Turai ba tun 1959, yana aiki a ƙasashe 33. Kati ne mai kyau ga wanda zai yi wata guda yana yawo daga Jamus zuwa Italiya. Amma ba ya ɗauke wa mutum kuɗin kama kujera a Eurostar ko a jiragen TGV na Faransa, kuma kujerun da ake ware wa masu shi a Eurostar ƙididdigaggu ne. Ga garuruwa huɗu kacal, tikitin da aka saya da wuri tare da katin iyali zai fi sauƙi, in dai an zauna an yi lissafi da biro.

Sai kaya. Gwaggo ta tuna abin da ya faru a Umara, lokacin da taubashi ya tunkari jirgin Haramain mai gudu tsakanin Makka da Madina da akwatuna irin na mai ƙaura, aka nuna masa ma'auni. Eurostar ya fi sassauci: akwati biyu ga kowane babba da jakar hannu, babu awon nauyi. Amma babu ɗan dako, babu yaron gida. Abin da mutum ya ɗauko, shi zai ɗaga shi ya hau matakala. Uwargida kuma ta riga ta ce sai ta shiga shagunan leshi da atamfa na wajen Liverpool Street, saboda haka a bar wannan sayayya zuwa kwana biyun ƙarshe, kada a yi ta jan yadi har Sikotlan. Kilishi kuwa, duk da yawun mutanen gidan nan ya tsinke da jin sunansa, a bar shi a Abuja. Doka ta hana shigo da nama da kayan madara Birtaniya daga Nijeriya, haka ma daga Birtaniya zuwa Faransa. Yaji, kuka, kuɓewa busasshiya da daddawa su ake jira, a bayyana su in an tambaya.

Daga filin jirgin Heathrow ba sai taubashi ya ɗauki tasi ba. Layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 yana shigowa tsakiyar gari, ga kuma layin Piccadilly mai arha da ke zuwa King's Cross kai tsaye. Kowane babba da katinsa na biya, ba a taɓa kati ɗaya wa mutum biyu, yara 'yan ƙasa da goma sha ɗaya kuma kyauta suke bin manya a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ya je bankinsa tun yanzu ya tabbatar katinsa zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai iya kashewa. In yana son gwaji, ranar tahowa ya hau jirgin cikin garin Abuja da aka farfaɗo da shi a Mayun 2024, ya sauka a tashar filin jirgin Nnamdi Azikiwe da akwatunansa a hannunsa. Abin da ya gagare shi ɗauka a Idu, a mayar da shi gida.

Roƙon da ake yi wa Gwaggo guda uku ne. Ta sa shi ya nemi ranar ganawa ta biza cikin makon nan. Ta sa shi ya aiko da sunayen kowa yadda suke a fasfo, da shekarun yara, da ranakun da ya tsayar waɗanda ba zai sauya ba. Sannan ta karɓi alƙawari daga bakinsa cewa zai riƙa isa tasha kafin jirgi, ba tare da shi ba. Tikitin Manchesta da na Edinbara ɗan kawunsa zai saya da zarar an sake su a watan Mayu, kuma a rubuta a ajiye cewa wannan ya biya kuɗin sharar da taubashi yake ta bi tun shekarun baya, har da na baɗi. Na Faris kuwa aljihun Alhaji ne, tun da uwargidansa ce ta zaɓa.

A gaida Baba Ƙarami da mutanen Dutsen Alhaji, a gaida su Inna in an yi waya Kaduna. Maganin gwiwa yana nan an saya, taubashi zai koma da shi.

Daga ɗan Gwaggo, a Landan.