Masu Gyaran Hoton Kakanni da Halayensu

Tun daga shekarar 1990 da kamfanin Adobe ya fitar da manhajar Photoshop, har zuwa wannan zamani da kowane yaro mai wayar hannu ya zama gwani ba tare da ya durƙusa gaban malami ba, sana'ar gyaran tsofaffin hotuna sai bunƙasa take yi, inda ake ɗauko hoton da gara ta ci gefensa, ruwan damina ya bar masa tabo, ninki ya raba fuskar mai shi gida biyu, a yi masa sikanin, a shigar da shi kwamfuta, a yi ta lallaɓa shi har ya dawo hayyacinsa. Fara aikin ba wuya, kowa ma yana iyawa. Abin da ya gagari jama'a shi ne sanin sa'ar da ya wajaba a ɗage hannu, kuma a wannan gaɓa ce ɗabi'un 'yan Adam suke fitowa fili.

Na gaba a sahu shi ne mai waswasi, wanda malaman fiƙihu suka san shi tun ba a san kwamfuta ba, domin shi ne wanda aka ce ya wanke gaɓa sau uku ya tsaya, shi kuwa sai ya ƙarar da buta biyu, liman ya sallame yana nan yana cuɗa gwiwar hannu. Idan ya zauna gaban allo, sai ya jawo hoton kusa, ya ƙara jawowa, har ƙwayar idon marigayi ta cika fuskar kwamfuta, sa'an nan ya shiga farautar ɗigo-ɗigon da babu mahaluƙin da zai gan su a hoton da za a wanke daidai faɗin tafin hannu. Abin da bai sani ba, ko ya sani waswasi ya hana shi aiki da saninsa, shi ne yawancin waɗannan ɗigo-ɗigo ƙwayoyin azurfa ne da hoton baƙi-da-fari ya ginu a kansu, wanda ya share su kuwa hoton kansa yake sharewa. Ana gane shi da sunayen da yake raɗa wa aikinsa: akwai "na ƙarshe", akwai "na ƙarshe na biyu", akwai "na ƙarshen gaske", akwai kuma "na ƙarshe in Allah Ya yarda". Iyalin da suka kawo masa hoto domin sadakar arba'in, sai su yi haƙuri su karɓa ranar cika shekara, shi ma ɗin yana miƙawa yana cewa da sauran wani ɗan tabo a bayan kunne. Maganinsa mai sauƙi ne, da zai sha: ya mayar da hoton girman da za a wanke shi, ya ja da baya gwargwadon kamu biyu, ya ajiye shi kusa da na asali, ya kwana, da safe ya duba, abin da idonsa bai kama ba a wannan hali, babu hisabinsa a kansa.

Bayansa sai mai kwaskwarima, kuma ɓarnarsa ta fi yawa, domin shi niyyarsa kyautatawa ce, mai kyakkyawar niyya kuwa ba ya jin kira. A wurinsa duk layin da ya gani a fuska aibi ne. Dattijon da ya kai tamanin, wanda kowace tamoji a goshinsa sai da ya biya ta da noma da fatauci, zai shiga hannunsa ya fito sumul kamar angon jiya. Tsohuwa mai baƙin fata mai sheƙi za ta fito fara sol, har jikokinta su fara tambayar ko daga Agadas aka auro ta. Mafi muni shi ne abin da ke samun tsagar gado, domin shi da manhajarsa ba su bambance tsakanin ƙarzanar da ƙusa ta yi wa takarda da zanen da wanzami ya yi wa jariri ranar suna, saboda haka kakan mutum yakan shiga kwamfuta yana Bagobiri ko Babarbare, ya fito ba shi da gari. Na san Fulani za su ce an yi wa Babarbaren gata, amma wannan magana ce tsakaninsu.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba duk laifin nasa ba ne, musamman yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta karɓi rabin aikin. Irin waɗannan manhajoji ba su dawo da abin da ya ɓace, domin abin da ya ɓace ya ɓace. Abin da suke yi shi ne kintace, su cike gurbin da abin da ya fi yawa cikin dubban fuskokin da aka horar da su a kai. A shekarar 2020 wani ya ɗauki dusasshen hoton Barack Obama ya ba wata manhaja mai suna PULSE, wadda masu bincike na Jami'ar Duke ta Amurka suka ƙera, sai ta mayar masa da fuskar Bature tas. Idan wannan ya sami mutumin da ya shugabanci Amurka shekara takwas, to ina ga malamin zaure wanda hoto ɗaya tak ya taɓa ɗauka a rayuwarsa, shi ma don fasfon aikin hajji? Mai danna maɓalli ɗaya, wanda ke gama aiki kafin shayinsa ya huce, ba ya wannan tambaya. Shi dai ya ga hoto ya fito tar, ko na wane ne oho.

Akwai kuma marini, wanda ba ya iya ganin hoton baƙi-da-fari ya bar shi lafiya. Fim ɗin da ake ɗaukar irin wannan hoto da shi haske da duhu kawai yake riƙewa, har ma ja da kore suna iya fitowa da toka iri ɗaya, don haka duk launin da aka shafa daga baya zato ne, ko da zaton ya dace. Sai ka ga riga kore, irin wadda aka rina da baba a marinar Ƙofar Mata aka buga ta har tana walƙiya, ta koma ruwan hoda, rawani ya koma ruwan ɗorawa, alhali mai shi har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa naɗa komai ba sai fari. Marini mai tsoron Allah yakan rubuta a ƙasa cewa launin nasa ne, ya haɗa da na asali, wannan kuwa ba ni da ja da shi. Wanda ya wuce gona da iri kuma ga misalinsa: a watan Afrilu na 2021 mujallar Vice ta buga hotunan fursunonin kurkukun Tuol Sleng na Kambodiya, waɗanda gwamnatin Khmer Rouge ta ɗauka kafin ta hallaka su, bayan wani ɗan ƙasar Ayalan, Matt Loughrey, ya sa musu launi, sai aka gano an ɗora wa waɗansunsu murmushin da babu shi a asali. Mutanen Kambodiya suka fusata, mujallar ta janye hotunan. Nan kam babu abin dariya, shaidar zur ce aka yi a kan matattu.

Kada a ɗauka masu sana'ar kaɗai ke da hali, masu kawo aikin ma suna da nasu. Akwai karimin jika, wanda ya ƙudurta zai yi wa kakansa bayan mutuwa abin da duniya ba ta yi masa ba: a sa masa agogo, a ɗora masa alkyabba, a jingina shi da Marsandi, a kuma sanya Ka'aba a bayansa, sai ga bawan Allah wanda iyakar tafiyarsa Zariya ya zama Alhaji ba guzuri ba jirgi. Akwai kuma 'ya'yan uwargida, waɗanda buƙatarsu ɗaya ce, a cire amarya daga hoton gida. Mai gyara ya cire ta, ya manta da hannunta, har yau yana nan dafe da kafaɗar maigida a bangon falo. Su ma suna da magabata a wannan tafarki, domin haka aka share Nikolai Yezhov daga hoton da ya ɗauka da Stalin a gefen magudanar ruwan Mosko bayan an kashe shi a 1940, sai dai ma'aikatan Stalin ba su bar hannu ba.

Mai tsantseni, wanda ke cewa kowane tabo tarihi ne, ya karɓi kuɗi ya mayar da hoton yadda aka kawo shi, ba sai na daɗe a kansa ba. Yunwa za ta yi masa wa'azi.

Abin da ni na gamsu da shi, masana gyaran tsofaffin gine-gine sun rubuta shi a yarjejeniyar Banis ta 1964, inda suka ƙayyade cewa gyara yana tsayawa ne a inda zato ya fara, magabatanmu masu kwafar littattafai da alƙalami kuma sun riga su, domin idan suka iske wurin da ya goge a asali sukan bar shi fari su yi ishara da haka a gefe, ba su ƙaga wa mawallafi maganar da bai faɗa ba. Abin da gara da ruwa da rana suka yi wa takarda, halal ne a cire shi. Abin da ya tsaya gaban kyamara ranar da aka ɗauki hoton, da tamoji da tsaga da giɓi da tsohuwar hula, amana ce. Idan kuma rabin fuska ya tafi ɗungum, kuma babu wani hoton da za a duba, a bar wurin da dushi-dushinsa ya fi a aro kuncin wani.

Alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara bayan hukuncinsa kuwa ita ce tsohuwar da ta rage a gida cikin waɗanda suka san mai hoton da rai. A miƙa mata ba tare da an faɗi ko wane ne ba. In ta ambaci sunansa ta yi masa addu'a, aiki ya ƙare, a rufe kwamfuta. In ta juya shi ta ce wannan kyakkyawan yaro ɗan gidan wa ne, a koma baya a warware. Kai kuma mai karatu, duk yadda sabon ya ƙayatar da kai, ka karɓo na asalin daga shagon, ka sa shi cikin ambulan nesa da danshi da rana, ka rubuta suna da gari da shekara a bayansa da fensir tun masu sanin amsar suna raye.