Yadda Ake Sasanta Kajin da Ke Fige Juna

Duk wanda ya sayo kaji 10 ko 20 ya zuba a akurkin bayan gida don ya huta da sayen ƙwai, akwai wata safiya da take jiransa. Zai leƙa da kwanon abinci a hannu ya tarar wata kaza ta yi sanƙo a gadon baya, wata babu bindi, wata kuma ta raɓe a kusurwa da ɗigon jini a jikinta. Ba a yanka ba, ba a ɗora ruwan zafi ba, amma an riga an fara figa. Masu figar kuma 'yan ɗaki ɗaya ne.

Kafin a ɗora wa kowace kaza laifi, sai a fara binciken waɗanda ake yawan mantawa da su. Idan sanƙon ya tsaya a gadon baya da ƙeya, kuma akwai zakara a gidan, to takunsa ne ya yi yawa. Zakara ɗaya ya ishi kaji wajen 10, in aka bar masa uku ko huɗu zai sule musu baya. Sai kwarkwata da ƙuma: a ɗauki tocila da dare a duba ƙarƙashin fiffike da kewayen dubura, domin kaza mai ƙaiƙayi da kanta take tsige gashinta. Akwai kuma zubar gashin da babbar kaza take yi kusan sau ɗaya a shekara, wanda alamarsa ita ce gashi barbaje a ƙasa, fata lafiya lau, sababbi suna tsirowa. Idan kuwa kaji suna tsirara amma ƙasan akurki fes, babu gashi ko ɗaya, to an cinye shaidar ke nan.

Gano mai aikin ba ya buƙatar komai sai kujera 'yar tsugune da haƙurin minti 20 bayan kaji sun gama cin abinci. Galibi ita ce wadda ta fi kowa kyan gani, gashinta sumul, domin ita babu mai taɓa ta.

Da yawa sukan ce mugunta ce ko neman girma. Girma dai akwai shi a tsakanin kaji. A farkon shekarun 1920 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana yadda kowace kaza ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Sai dai saran girma a ka da tukku yake sauka, kuma yana lafawa da zarar kowa ya san matsayinsa. Figar gashin baya da gindin bindi wani abu ne daban, asalinsa kuma rashin aikin yi. A 1989 Marian Dawkins ta Jami'ar Oxford ta wallafa nazarin da ta yi kan jajayen kajin daji, kakannin kajin gida, inda ta ga cewa cikin kowane minti 100 na yininsu, a wajen 60 suna tsince-tsince a ƙasa. Abin da kazar Hausa take yi ke nan tun daga asuba: juji, gindin rumbu, bakin turmi, bayan murhu. Shi ya sa da wuya a ga kajin da ke yawo suna fige juna. Ita kuwa kazar ƙwai irin ISA Brown, ko Shika Brown da cibiyar NAPRI ta kusa da Zariya ta samar, an kulle ta a kan siminti, ta cinye rabonta cikin ɗan lokaci, ga baki ga dogon yini. Abu ɗaya da ya rage a gabanta mai kama da abin tsinta shi ne gashin maƙwabciyarta.

Saboda haka babban magani shi ne a sama wa baki sana'a. A shimfiɗa buntun shinkafa ko ɗiɗɗigar katako mai kauri a ƙasa, a watsa ɗan gero ko dawa a ciki da la'asar, a bar su su sha wahalar nema. A rataye kabeji ko damin zogale ko alayyahu da igiya daidai tsayin da sai sun miƙa wuya. A fasa kabewa biyu a ajiye. A jefa musu harawa su yi ta tsefewa. A samu tsohuwar taya ko fasasshen baho a cika da yashi da toka, domin kazar da ta yi birgima ta more ba ta da lokacin duba bayan wata, kuma ƙurar tana rage mata kwarkwata. Ko siffar abincin ma tana da tasiri: gari ya fi 'yan dunƙule-dunƙule, don ya fi ɗaukar lokaci kafin a cinye. Kuma a riƙa sauyawa, kabejin da ya kwana uku a rataye ya daina ba kowa sha'awa.

Daga nan sai a leƙa buhu. Tun da abincin kaji ya yi tsada, gidaje da yawa sun koma haɗa shi da dusa har dusar ta rinjaya. Kaza mai ƙwai tana buƙatar furotin kashi 16 zuwa 18 cikin 100 a abincinta, dusar masara kuwa ba ta kai nan ba ko kusa. Gashi shi kansa fiye da kashi 80 cikin 100 furotin ne, kuma ƙarancin wani sinadari mai suna metiyonin yana daga cikin abubuwan da ke tura kaza cinsa. Tunkuzar gyada wadda ba ta yi funfuna ba, gasasshen waken suya, garin kifi, da gara idan an samu, duk suna cike wannan giɓi. Ƙarancin gishiri ma yana jawo sara, amma a nan a yi hattara: giram 3 zuwa 4 a kilo ɗaya na abinci ya isa, yawansa yana kashe kaji.

Matsi shi ne na gaba. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 ba ta yarda a wuce kaji 9 a murabba'in mita ɗaya ba a gidajen da kaji ke yawo a ƙasa, ta kuma ware wa kowace santimita 10 a bakin dogon mazubin abinci. Wannan lissafin ƙasar sanyi ne. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin bazara ke haura maki 40 a ƙarƙashin kwano, uku ko huɗu sun isa. Mazubi ɗaya ga kaji 20 tamkar famfo ɗaya ne a gidan haya, dole a yi faɗa, don haka a sa biyu nesa da juna, haka ma na ruwa. Mai barin ƙwan fitila a kunne har asuba don a ƙara masa ƙwai shi ma yana da kaso a rigimar. Haske na awa 14 zuwa 16 ya wadatar, kuma mai ƙarfi sosai yana tunzura su.

Inda wasa ke ƙarewa shi ne jini. Kaza ba ta ganin ja ta wuce, kuma da zarar ɗaya ta fara sai sauran su taru, har su kashe 'yar'uwarsu a yini guda. A cire mai ciwon nan take, a wanke da ruwan ɗumi, a sa feshin shuɗin nan da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta ya kuma rufe jan. A ajiye ta a keji inda suna ganinta amma ba sa kai mata, sai ta warke a mayar da ita da dare. Wurin saka ƙwai kuma ya zama da duhu, ɗaya ga kaji huɗu ko biyar, domin a lokacin da ƙwai ya fito ne dubura ke yin ja, kuma saran da ya fi kisa a nan yake farawa.

Mutane sun daɗe suna neman gajeriyar hanya. A 1903 wani Ba'amurke, Andrew Jackson ƙarami na jihar Tenesi, ya yi rajistar tabarau na kaji, daga baya har aka ƙera masu jan gilashi don kada kaza ta bambance jini. Tamu gajeriyar hanyar ita ce yanke baki. Manyan gonaki suna yi, amma bakin kaza cike yake da jijiyoyi, kuma wanda aka yi a gida da zazzafar wuƙa yakan bar ta tana fama da cin abinci tsawon makonni. Norwe ta haramta shi tun 1974, Finlan a 1986, Suwidin a 1988, kuma har yau suna cin ƙwai. Mai kaji 15 a bayan gida ba shi da hujjar taɓa bakin kowa kafin ya gwada kabeji.

Saura wadda ta ƙware a figa. Kaji suna koyi da juna, don haka a ware ta mako ɗaya ko biyu a inda ba ta ganin sauran, ta dawo ta tarar an raba girma ba da ita ba. Da yawa suna shiryuwa a haka. Wadda ta koma ruwa bayan an gyara abinci da wuri da haske, sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma gara a rasa ɗaya da a rasa biyar.

Mai kiwo kada ya ƙosa da jiran gashi. Wanda aka tuge daga tushe yakan fito cikin mako 4 zuwa 6, wanda aka karya kuwa tushen ya rage a fata ba zai sake fitowa ba sai kazar ta yi zubar gashinta na gaba.