Waye Ke Riƙe da Rimot a Malanville?

A watan Afrilu, da ƙarfe biyu na rana, ma'aunin zafi a Malanville kan haura digiri 40 ba wanda ya ɗaga kai. Garin yana bakin Kogin Kwara, a ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, sama da kilomita 700 daga Kwatano. Gadarsa ce ta haɗa shi da Gaya ta Nijar, kasuwarsa kuma ita ake lissafawa ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa. Inda albasa da shinkafa ke juya kuɗi haka, ba a rasa gidajen da suka sa kilim, wadda 'yan Najeriya ke ce wa esi. Inda aka sa kilim kuwa, ba a rasa saurayin da ya kalli bidiyo a waya ya rantse sai ya koya mata hankali: ta tashi da kanta, ta tsaya da kanta, ta san lokacin da ɗaki ya ɗauki sanyi.

Turawa sun daɗe suna wannan wasa. Tun 1883 wani malamin makaranta a Amurka, Warren Johnson, ya yi rajistar na'urar daidaita zafin ɗaki mai aiki da lantarki, a 2014 kuma Google ya sayi kamfanin Nest, mai ƙera irin wannan na'ura, a kan dala biliyan 3.2. Sai dai su galibi sanyi suke kora, wutarsu kuma ba ta ƙiftawa. A bakin Kwara zafi ake kora, da wutar da ke zuwa ta tafi ba sallama. Wannan bambanci ne ya fito da wasu irin mutane da duk wanda ya zauna a garin zai gane su.

Na farko a sahu shi ne Injiniya. Bai yi karatun injiniya ba, abokai ne suka naɗa masa rawanin. Yana da Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan ta Ingila da ba ta fi tafin hannu ba, ya ɗora mata Home Assistant, manhajar kyauta da Paulus Schoutsen ya fara a 2013. A kowane ɗaki ya manna ma'aunin DHT22 haɗe da ɗan allon ESP8266, kayan da ya yi makonni yana jiran motar Kwatano ta kawo. Wayarsa cike take da zane-zane masu hawa da sauka. Ya san zafin falo, ya san na kicin, har na ɗakin ajiyar albasa ya sani. Ran nan mahaifinsa ya tambaye shi, yana fifita da hula:

"Kai, wannan aiki naka, zafin nawa ne yanzu?"

"Digiri 38.6 ne, Baba."

"To ya ragu ke nan?"

"Bai ragu ba, Baba, amma yanzu mun san shi."

Babban maƙiyin Injiniya ba rana ba ce, ɗauke wuta ne. 'Yar kwamfutar tana rubutu a kan katin memori dare da rana, idan wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu katin na iya lalacewa, wata guda na wahala ya bi ruwa. Shi ya sa ɗakinsa ya fi kowane ɗaki zafi a gidan: kullum kilim ɗinsa a kwance take ana gwaji. Ya kuma gano, bayan kwana uku yana zagin kayan Sin, cewa waɗannan 'yan alluna ba sa jin wayifai sai mai 2.4, shi kuwa ya saita nasa a kan 5.

A ɗaki na gaba Alhaji Sha Shida ke zaune. Tun ranar da aka kafa masa kilim ya danna rimot ya kai 16, bai sake ɗagawa ba. A ganinsa lamba ƙarama ita ce sanyi mai sauri. An yi masa bayani cewa kilim irin ta da, wadda ba inbata ba, gudu ɗaya kwamfaresonta ke yi, ko an sa 16 ko an sa 26. Lambar tana faɗa mata inda za ta huta ne kawai, ɗaki mai rufin kwano kuwa ba zai taɓa sauka 16 a watan Afrilu ba, don haka ba za ta huta ba har abada. An gaya masa Indiya ta wajabta tun 2020 sababbin na'urori su fito a saite kan 24. Alhaji ya ce shi ba a Indiya ya sayi tasa ba. Da bargo yake kwana a tsakiyar bazara, ya tashi da mura, ya ɗora laifin a kan ƙura.

Tsakanin waɗannan biyu akwai yaƙin da ba a shelanta ba. Injiniya ya ɓoye wani ɗan akwatin Broadlink a kan kabad, wanda ke kwaikwayon hasken rimot ya tura umarnin 26. Matsalar ita ce wannan haske hanya ɗaya yake bi: yana faɗa, ba ya jin amsa. Da Alhaji ya ji iska ta sauya sai ya lalubo rimot a ƙarƙashin matashi ya mai da 16. Wayar Injiniya na ci gaba da nuna 26, shi kuma yana nuna wa abokai a majalisa yadda ya shawo kan tsohon.

Wadda ta shawo kan kowa ita ce Hajiya mai tsaron mita. Ba ta san manhaja ba, amma ita ke sayen katin wuta na kamfanin SBEE, kuma lissafinta ba ya kuskure. Kilim mai doki ɗaya da rabi tana jan wajen kilowat ɗaya da 'yan kai. Awa takwas ba tsayawa, yunit tara ke nan ko kusa da haka. Fankar sama ba ta wuce wat 70 ba. Ma'ana, kilim guda tana cin abincin fanka goma sha biyar. Da Hajiya ta ga lambar mita ta yi ƙasa, sai ta zagaya gida tana zare duk abin da ke da ɗan haske mai ƙyaftawa, har da akwatin wayifai wanda duk mulkin Injiniya ke rataye a kansa. A duk tsare-tsaren gidan, nata ne kaɗai bai taɓa tsayawa ba.

Akwai kuma Mai Gajeriyar Hanya. Ya sayi makunnin Sonoff mafi araha, mai amfiya 10, ya ɗaura masa kilim kai tsaye, bai san kwamfareso kan ja ninkin-ba-ninkin wutarsa a lokacin tashi ba. Ya kuma rubuta doka: 27 ta tashi, ƙasa da 27 ta tsaya. Sai kilim ta riƙa tashi tana faɗuwa kowane minti, alhali tana buƙatar hutun kamar minti uku kafin a sake tada ta. Ƙaurin roba ne ke sanar da ƙarshen gwajin. Daga nan sai a kira mai gyara, wanda kafin ya sauka daga babur ya riga ya yanke hukunci cewa gas ya ƙare, ko da kuwa ƙurar hunturu ce ta toshe raga.

Sarkin Nesa ɗan kasuwa ne, rabin shekararsa a hanya. Manhajar Smart Life ta kamfanin Tuya yake amfani da ita, kuma abin da ya fi burge shi shi ne kashe kilim ɗin gidansa daga wani gari. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gada, manyan motoci suka yi jerin gwano, jama'a suka koma ƙetarawa da kwalekwale. Sarkin Nesa ya maƙale a Gaya, ba ya iya ƙetaro da buhu ɗaya, amma da tsakar dare sai ya danna waya, umarni ya tafi wata kwamfuta a ƙasar waje ya dawo ya kashe wa iyali sanyi a tsallaken kogi. Ba a jima ba uwargida ta gane cewa sarautar a kan datar MTN take tsaye, ta daina sabuntawa.

Tsoho Mai Randa yana kallonsu duka yana murmushi. Ɗakinsa na ƙasa ne, tabarmarsa a gindin darbejiya, ruwansa a randa, kuma yana da gaskiya fiye da yadda samari ke so su yarda: da wannan dabarar ta tururin ruwa Mohammed Bah Abba na Jigawa ya ci lambar Rolex a 2000, da tukunya cikin tukunya. Abin lura kawai shi ne, gaisuwar da yake kai wa Alhaji Sha Shida kullum da ƙarfe biyu take faɗowa, kuma ba ta ƙarewa sai an kira la'asar.

Wanda aikinsa ya yi kyau ba a cika jin muryarsa a majalisa ba. Kafin ya sayi waya ko ɗaya, silin ya fara sa wa kwanonsa. Akwatin wayifai da 'yar kwamfutarsa suna kan ƙaramin batir, komai kuma a cikin gida yake gudana, ko da intanet ko babu. Dokarsa mai tazara ce: 28 ta tashi, 26 ta tsaya, idan wuta ta dawo a jira minti biyar. Kilim da rana take aiki, sa'ad da farantan sola ke da rara, da dare fanka ta karɓa. Baturansa a ɗaki mafi sanyi suke, don ya san batir mai dalma kan rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri 10 sama da 25. Ba shi da zane mai kyau da zai nuna wa kowa, barci kawai yake yi.

Duk wanda ke da niyyar shiga wannan sahu kafin Maris ya zagayo, ya fara da kafinta, ya duba amfiyar da aka rubuta a bayan makunni, sannan ya nuna wa Hajiya soket ɗin da yake roƙon kada a zare.