Kyarkeci da Ganuwar Tungwan

Ga ta nan, ga ta nanku.

Can arewacin ƙasar Sin, inda Rawayen Kogi ya yi gwiwa ya zagaye rairayin Ordos, aka yi wani Kyarkeci mai suna Heliyan Bobo. Tun yana ɗan kwikwiyo zakunan Wei suka hallaka gidansu, ya sha da ƙyar. Wanda ya ba shi mafaka har ya aura masa 'ya, shi ya fara kashewa a 407, ya naɗa kansa sarkin Shiya.

Tsoron nan na ƙuruciya bai taɓa sakinsa ba. A 413 ya tara gara dubu ɗari, ya ce su gina masa birnin Tungwan. Ya ɗora Beguwa, wadda ake kira Cigan Ali, a kan aikin. Kullum sai ta bi ganuwa tana caka ƙaya. Inda ta nutse ko da gaɓar yatsa ce, a kashe maginin wurin, a kwaɓa gawarsa cikin ginin.

Wata tsohuwar gara ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, in ka ƙarar da mu, wa zai zauna maka a ciki?"

Ita ma aka kwaɓa ta.

Haka aka yi wa maƙera. A harba kibiya kan sulke: in ta huda, mai sulke ya mutu, in ba ta huda ba, mai kibiya ya mutu. Kowace safiya sai wani gida ya yi makoki, kuma ba wanda ya yi laifi a cikinsu. Ganuwa kuwa ta tashi fara fat, ƙaya ba ta kama ta. Ƙofar gabas ma sunan kiran Wei ta zo ta yi mubaya'a aka sa mata.

Amma a cikin gida 'ya'yan Kyarkeci sun ga yadda uba ke yi. Gui ya kashe ƙanensa Lun, Cang ya kashe Gui. Da tsohon ya mutu a 425, Cang ya gaje shi.

A 427 sai ga matashin Zakin Wei, Tuoba Tao. Ya dubi ganuwar, ya san ba ta fasuwa. Sai ya ɓoye rundunarsa a kwari, ya fito da 'yan tsiraru, ya yi kamar zai gudu. Cang ya ga nama, ya sa aka buɗe ƙofa ya bi shi. A fili aka murƙushe shi, ya tsere yamma bai ko koma birnin ba. Zaki ya shiga ta ƙofa.

Shekara na zagayowa aka kama Cang. Ƙanensa Ding ya ja ragowar garken yana ta yawo, har 431 da dawakan Tuyuhun suka rutsa shi yana ƙetare kogi. Suka miƙa shi ga Zaki, aka kashe shi.

Ƙurunƙus.